Babi na Huɗu: Me Ake Zuwa Gani a Nok?

"To, in ka je, me za ka gani?"

Tambayar da kawuna ya yi mini ke nan a Godogodo, ranar da na ce masa gobe zan tafi Nok in ga gidan tarihi. Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗago kai bai yi ba. "Ɗana, mutane na zuwa Jos, suna zuwa Kaduna, kai kuma sai ƙauye, kallon fasassun tukwane? In tsingaro kake nema, zagaya bayan madafin gidan nan ka ɗebi iya son ranka."

Na ce, "Kawu, ai waɗancan sun girmi namu nesa ba kusa ba."

Ya ce, "Tsufa ai ba ado ba ne."

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Yawancinmu a aji muka ji sunan Nok, muka haddace don jarrabawa, muka manta. Mutanen Godogodo da Gidan Waya da Jagindi da Kafanchan, waɗanda a ƙarƙashin gonakinsu da na maƙwabtansu abin yake kwance, ƙalilan ne suka taɓa tsayawa gaban guda ɗaya suka ƙare masa kallo. Wasu na ganin ba abin kirki da zai zauna a ƙauye. Wasu kuma, ko da ba su faɗa ba, abin da ke ransu shi ne: ba gumaka ba ne? Bari mu bi tambayar daki-daki.

Ƙaramin gari, babban suna

Mun saba ɗauka cewa gidan tarihi kayan birni ne, kamar filin jirgi ko babbar kotu. Amma gidan tarihi na farko a Najeriya ba a Legas aka buɗe shi ba. A Esie ne, wani ƙaramin gari a jihar Kwara ta yanzu, a 1945, saboda ɗaruruwan siffofin dutse da aka tarar a kurmin garin. Na Jos ya biyo baya a 1952, na Legas sai 1957.

A ƙetare ma haka. A jihar Arkansas ta Amurka akwai wani gari, Bentonville, wanda a ƙidayar 2010 mutanensa 35,000 ne da 'yan kai. A can ne Alice Walton, 'yar mutumin da ya kafa kantunan Walmart, ta buɗe gidan adana zane-zanen Amurkawa mai suna Crystal Bridges a watan Nuwamba na 2011, shiga kyauta. Tun kafin a buɗe shi masana na manyan birane suka yi ta gunaguni, musamman da ta sayi wani sanannen zane daga babban laburaren birnin Niyok a 2005, a kan kuɗin da aka ce sun kai dala miliyan 35. Cewa suke, wa zai je ƙauye ya gan shi? Sai ga shi mutane na tururuwa daga ko'ina, garin ya samu otal-otal da gidajen abinci a dalilin haka.

Na kawo wannan misali ne don bambancin da ke tsakaninsa da namu. A can, kuɗi ne ya kwaso fasaha daga birni ya kai ta ƙauye. A nan kuwa, a ƙauye aka haifi fasahar, a ƙauye ta kwanta shekaru dubbai, sannan aka kwashe ta zuwa Jos da Legas da Faris. Mai zuwa Nok asalin wurin ya je.

Kuza ce ta tono su

Ba wanda ya fita neman waɗannan abubuwa. Kuza ake nema. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka baza ma'aikata a tsaunukan Jos da kwaruruwan da ke gangarowa kudu da yamma, har ƙasar Jama'a da ta Jaba. Dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso Kafanchan, reshensa ya haura Jos a 1927, kuma jigilar kuza da gawayin Inugu na cikin manyan dalilan shimfiɗa shi. Leburori na haƙa rami mai zurfi a bakin rafi, suna ɗibar ƙasa a kwanon sarki, ana wankewa, kuza ta kwanta a ƙasa don nauyinta. Cikin wannan ƙasar ne ake cin karo da gatarin aradu, da duwatsun niƙa, da wasu gutsattsarin gasasshen yumɓu masu ido da hanci.

A 1928 aka kai wa Kanar Dent Young, wanda ke da hannu a wani kamfanin haƙa kusa da ƙauyen Nok, wani ɗan ƙaramin kai mai kama da na biri. Aka ajiye shi a ma'ajiyar ofishin ma'adinai a Jos, ba wanda ya damu.

Bayan shekara 15, wajen 1943, wani malamin da ke kula da leburori a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wato ƙasarmu, ya samu wani kai na yumɓu, mai kyau, kusan girman kan yaro. Ya kai shi gida, ya kafa a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi. Shekara guda kan ya yi yana wannan gadi. Ina son wannan labari, domin Hausa da kalma ɗaya take kiran abin korar tsuntsu a gona da siffar da ake girkewa a dandali: mutum-mutumi. Kan Jama'a ya yi aikin biyun.

Daga gonar ne ya isa Jos, hannun wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilimin tonon tarihi a Ingila kafin ya zo Najeriya a 1939. Fagg ya ajiye shi kusa da kan birin nan na 1928, ya ga hannun da ya yi wannan da wanda ya yi wancan makaranta ɗaya suka fito. Sai ya shiga zagaya sansanonin kuza yana roƙon leburori da manajoji su daina fasawa, su ajiye masa duk abin da suka gani. Kafin a jima ya tara fiye da ɗari. Shi ya laƙaba wa al'adar sunan ƙauyen da aka fara samu, shi ne kuma ya kafa gidan tarihin Jos.

A kula da wannan. Nok sunan ƙauyen Ham ne, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Mutanen da suka gina siffofin ba su bar rubutu ba, sunan da suke kiran kansu ya tafi tare da su. An kuma samu aikinsu a faɗin ƙasa mai yawa: kudancin Kaduna, yankin Abuja, Nasarawa, har Katsina-Ala a jihar Binuwai. Saboda haka ba gadon ƙabila ɗaya ba ne. Duk wanda ke noma a wannan shiyya yana da rabo a ciki.

Hanya da abin da za ka tarar

Daga Kafanchan motar Kwoi za ka shiga, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, ka ratsa gonakin citta. Daga Kwoi ɗan acaɓa zai ƙarasa da kai Nok, ba nisa. Rani ya fi daɗin tafiya, kuma a yi sammako a dawo da rana tsaka-tsaki. Wanda ya daidaita tafiyarsa da bikin Tuk Ham, da ake yi a Kwoi wajajen Ista, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Kada ka tafi da hoton gidan tarihin Jos a ranka. Na Nok ƙarami ne, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma wanda ya shiga da gaggawa kafin shayinsa ya huce ya gama. Shahararrun kawunan da ake bugawa a littattafai, irin na Jama'a da na Rafin Dinya, ba sa nan, suna manyan gidajen tarihi na birni. Gari mai irin wannan suna a duniya ya cancanci fiye da abin da aka bar masa, wannan kam ba sai an ɓoye ba.

Amma akwai abin da ke Nok wanda babu shi a Legas: ƙasar kanta. Ka fito daga ɗakin, ga duwatsun da suka kewaye garin, ga rafuka, ga jar ƙasa mai ƙyalƙyalin yashi. Ka sunkuya ka damƙi ƙasa a hannu, ka tuna fatar abin da ka baro a ciki, za ka ga dangi ne. A bayan gilashi a Turai, ƙarƙashin fitila, siffar baƙuwa ce. A nan 'yar gida ce.

Ka gai da ma'aikacin da ka tarar kamar yadda ake gai da mai gida. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto. Ka yi tambaya, don yawancin abin da ya sani ba a rubuce yake a jikin bango ba. Sannan ka zaɓi abu guda ka tsaya a gabansa. Kallon abu ɗaya na minti goma ya fi kallon talatin a guje.

Fara da ido

Ido shi ne sa hannun Nok. Dubi fatar sama: kusan miƙe take, ko da ɗan lanƙwasa. Ta ƙasa kuma ta zurma, ta yi kamar rabin ƙwarya ko kusurwa uku. A tsakiya an huda rami, zagayayye, mai zurfi. Gira na sama kamar baka. Ko kan mutum ne, ko na giwa, ko na biri, idon ɗaya ne. In ka riƙe wannan, ko a hoto aka nuna maka kan Ife ko na Benin, ba za ka haɗa su da na Nok ba. Kamar yadda mai sayar da hula ke gane zanna bukar daga nesa, ba sai ya juya ta ba.

Ramin nan na ido yana sa ka ji kamar ana kallonka. Duhun da ke cikinsa shi ke yin aikin ƙwayar ido, kuma duk inda ka matsa yana biye da kai. Yara kan ja da baya in sun fara gani.

Daga ido ka hau kai. A nan ne maginin ya fi ɓata lokaci, kuma a nan nake so mata masu kitso su zo su yi mana fassara, don sun fi kowane farfesa gane abin da ke wurin. Akwai mai tukkaye a jere, akwai mai doka, akwai wanda aka raba masa gashi gida-gida aka ɗaure kowanne kamar curin fura, akwai wanda gashin ya zubo ta gefen kunne a murɗe. Kan Rafin Dinya na da irin waɗannan curarrakin, kowanne da ɗan rami a samansa, wataƙila wurin soka gashin tsuntsu. Maza na da gemu, wani a kitse, da ɗan gashin baki a gefe-gefe. Mutumin da ke fama da abin da zai ci yau ba ya zama a yi masa irin wannan kitso. Kan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa mutanen na da lokaci, suna da gwanaye, suna kuma da bambancin matsayi ko na dangi da ake karantawa a gashi.

Sai ado. Duwatsun wuya tuli-tuli har kafaɗa, awarwaro a hannu, jigida a ƙugu, mundaye a ƙafa. Sutura kaɗan ce, ɗan bante ko ɗan abin rufe gaba, amma ado kamar na amarya. Masu tono sun samu irin waɗannan duwatsun na gaske a ƙasa, a jere kamar yadda zare ya bar su.

Sannan zama. Akwai wani zama da ya yawaita: mutum ya durƙusa ko ya zauna, ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya ɗora haɓa a kanta. Turawa na kiransa mai tunani. Mu da gani mun san tagumi ne. Shekara fiye da dubu biyu, kuma dattijon da ke ƙofar gida yau in damuwa ta same shi haka yake zama.

Wani abu kuma da ke ba baƙo mamaki: kan ya cika girma. A jikin mutum kai kashi ɗaya ne cikin bakwai ko takwas na tsawo. A nan yakan kai ɗaya cikin uku ko huɗu. Ba kuskure ba ne. Wanda ya iya fitar da farce da murɗin gemu ba zai kasa auna kai ba. Abin da ya fi daraja a wurinsa shi ya ƙara wa girma, yadda maroƙi ke tsawaita kirarin wanda ya fi so.

Ba kuma kyawawa kaɗai suka gina ba. Akwai masu tundurmi, akwai mai karkataccen baki irin na shanyewar fuska, akwai mai kumburin ido. Akwai rabin mutum rabin tsuntsu. Macizai kuwa ba a magana.

Aikin maginiya ne

Ga abin da zan gaya wa kawuna tun farko da na sani: waɗannan kawuna tukwane ne. Ba wasa nake ba. Cikinsu rami ne, kamar tulu. Yadda maginiyar tukwane ke murza yumɓu ya yi kamar igiya, ta naɗa zobe kan zobe, tana shafewa da yatsa, haka aka gina su. In ka leƙa cikin wanda ya fashe, wani lokaci za ka ga sawun yatsu.

Duk wadda ta taɓa gasa tukunya ta san abokan gaba biyu: kauri da iska. Yumɓu mai kauri ba ya gasuwa har ciki, iskar da ta maƙale kuma tana fasa tukunya a wuta. Shi ya sa aka rarake cikinsu, shi ya sa kuma ramukan ido da hanci da baki da kunne suke da amfani biyu: suna ba fuska rai, suna ba zafi hanyar fita. An kuma cuɗa yumɓun da dakakken dutse don kada ya tsage. Tsakuwoyin da kake gani a fatar, masu sa ta kaushi, su ne wannan. Da can ba haka take ba. An shafe ta da ruwan yumɓu mai laushi, an goge har ta yi santsi, zaman ƙasa da ruwa ne suka cinye shafen.

Wasu siffofin, in aka ƙiyasta daga girman kan, sun haura mita guda a tsaye. A gina abu mai wannan tsawo da yumɓu, da hannaye da ado, a gasa shi da itace ba tare da ya tarwatse ba, ka tambayi kowace maginiya ta faɗa maka ko aikin koyo ne. Binciken yumɓun ya nuna cewa na siffofin ya bambanta da na tukwanen girki, kuma ya yi kama da juna ko a wurare masu nisa. Wannan ya sa masana ke ganin sana'a ce ta wasu gwanaye na musamman.

Wa ya ƙirga shekarun?

Mai shakka zai ce, wa ke nan lokacin? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin gawayi. Duk abu mai rai, bishiya ko gero, yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon daga iska. In ya mutu sai ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya shiga raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Kamar randa ce mai tsiyaya wadda ka san saurin tsiyayarta: in ka duba ruwan da ya rage, ka san tun yaushe aka cika ta. Ƙwayar gero da ta ƙone ta faɗa rami tare da gutsuren siffa ita ke ba da shekarun.

Aiki mafi girma a kan wannan shi ne na jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Sun fara a 2005, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Abin da suka gano: mutanen sun bayyana a yankin wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, siffofin sun fara wajen 900 kafin haihuwarsa, al'adar kuma ta ɓace dab da zamaninsa. Don mai karatu ya auna: tarihin Kano na sa sarautar Bagauda a 999. Tsofaffin siffofin Nok sun riga shi da kusan shekara 1,900.

Gero, wake, atili da zuma

Me suke ci? Abin da muke ci. An samu ƙonannun ƙwayoyin gero da wake, da ƙwallon atili, wannan dai da ake sayarwa a kwano a bakin hanyar Jos. Duwatsun niƙa ko'ina. Zamansu na ƙananan ƙauyuka ne a warwatse, sau da yawa a gefen dutse, ba a ga alamar fada ko ganuwar birni ba. Wannan ya rushe tunanin cewa sai inda akwai sarki mai dukiya ake samun babbar fasaha.

A 2021 masana daga Bristol a Ingila da na Frankfurt suka fitar da sakamakon gwajin tsingaro fiye da 450. Cikin waɗanda suka riƙe ragowar abinci a jikinsu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗauke da kakin zuma. Wato shekara kusan 3,500 ke nan ana cin zuma a wannan ƙasa. In ka ga mai galan na zuma a tashar Kafanchan, sana'arsa ta girmi duk wata sarauta da ka sani a Najeriya.

To, gumaka ne?

Wannan ce tambayar da ke hana mutane da yawa zuwa, Musulmi da Kirista, don haka ba zan tsallake ta ba.

Abin da tono ya nuna shi ne, kusan ba a samun siffa cikakkiya. A fashe ake samun su, an tara gutsattsarin a rami, kuma in aka harhaɗa ba sa cika jiki guda. Alama ce ta cewa da gangan aka fasa aka binne. A wasu wuraren, kusa da su akwai jerin duwatsu da tukwane cikakku da duwatsun wuya, irin abin da ake sa wa mamaci. Ƙasusuwa kam babu, ƙasar yankin mai tsami ce, ta cinye su. Daga nan ne masu binciken Frankfurt suka karkata ga cewa siffofin na da alaƙa da jana'iza da tunawa da magabata. Ba a samu ɗakin bauta da aka girke su ana yi musu sujada ba.

Ko ma mene ne matsayinsu a wurin masu su, wanda ya je yau kallo ya je, da neman sani. Gidan tarihin Alƙahira cike yake da siffofin Fir'aunoni, 'yan makarantar Masar kuma a layi ake kai su. Ba wanda ya dawo yana bauta wa Fir'auna. Ni a ganina, wanda ya fasa irin wannan abu a gona don tsoro bai ƙara wa imaninsa komai ba, shafi guda kawai ya yage daga littafin da ba shi da kwafi.

Ina sauran suka tafi?

Tsoro ya fasa kaɗan. Kuɗi ne ya kwashe mafi yawa. Daga shekarun 1980, musamman a tsakiyar 1990, 'yan kasuwar kayan tarihi na Turai suka buɗe baki, dillalai suka shiga ƙauyuka. Matasa suka bar noma suka koma haƙa. An yi haka a yankin Nok, an yi a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara, inda ake samun wasu siffofin yumɓu na daban. Mai haƙa ya karɓi kuɗin da ba su wuce na buhun hatsi ba, abin ya tsallaka iyaka, a Turai a sayar da shi dubban daloli. Da yake masu saye sun fi son cikakke, sai aka riƙa liƙa kan wannan a jikin wancan, a cike giɓi da sabon yumɓu. Da yawa daga cikin "cikakkun" da ke falon attajirai haɗin gambiza ne.

Asarar ba ta tsaya a siffar ba. Mai haƙan dare yana zubar da gawayi da tsingaro da ƙwayar gero, wato duk shaidun da za su faɗi shekaru da ma'ana. Abin da ya rage kai ne kyakkyawa wanda aka yanke wa harshe.

Abin ya kai har fadar Faransa. A watan Afrilu na 2000, da aka buɗe sabon sashe a gidan tarihin Louvre a zamanin Shugaba Jacques Chirac, sai ga siffofin Nok da aka saya daga hannun wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Najeriya ta hana fitar da su. A shekarar ce ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok a jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Bayan ce-ce-ku-ce, Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Mai kaya ya ara wa wanda aka kama da kayan. A bar wannan a nan.

Masu binciken nan na Frankfurt kuwa sun bi hanyar da ta dace: abin da suka tono sun kai Frankfurt da izini, aka gyara, aka nuna daga 2013 zuwa 2014, aka dawo da shi gidan tarihin Kaduna. Amma a Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. An sako su bayan 'yan kwanaki, tonon kuma ya tsaya. Rashin tsaro har tarihi yake ci.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ba bisa izini ba. In garmarka ta tono wani abu mai ido da hanci, kada ka wanke shi, kada ka ƙara haƙa wurin. Ka rufe, ka sa alama, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai labari gidan tarihi mafi kusa, Nok ko Kaduna ko Jos.

Da na dawo Godogodo na nuna wa kawuna hoton mai tagumin nan a waya. Ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan ai bashi ake binsa." Sai kuma ya ce lokacin da suke yara sun sha tsintar irin waɗannan a tsofaffin ramukan kuza, suna jifar tsuntsaye da su.

Akwai wani abu da na ajiye ban taɓa ba. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono a shekarun 1960 ya tarar da siffofin Nok kwance tare da murahun narkar da tama da kashin maƙera, waɗanda shekarunsu suka kai kusan 2,500. Yadda manoman gero suka iya fitar da ƙarfe daga dutse, da abin da ya haɗa su da maƙeran da muka sani a kasuwanninmu, shi za mu duba a babi na gaba.